Tsohon Da Ya Ce In Cire

Salamu alaikum 'yan uwana masu bibiya. Yau ku yafe mini doguwar gaisuwa, raina a ɓace yake. Ku da kuke ta turo mini saƙo kuna cewa, “Ke dai kin cika ruwan ido, ki amsa wa bawan Allahn nan mana,” to ku gyara zama. In kun karanta kun gama, sai ku maimaita in ji.

Wanda yau ya fara shigowa, bari in ɗan ja shi baya kaɗan. Ni ce auta a gidanmu. Babana mai gyaran talabijin ne, Allah ya kai haske kabarinsa. Rayuwarsa kaf a bayan akwatin talabijin ya yi ta, ya kwance murfi, tabarau a kan hanci, hayaƙin dalma na shigar masa ido. A shagon na taso, a kan wani benci mai gurguwar ƙafa, ina jin yadda mutum zai kawo talabijin ɗinsa da ta lalace ya ɓige da ba Baba labarin aurensa da ya lalace. Daga nan na rubuta wasa mai dogon zango, na sa masa suna A Dawo Gobe, don ita ce maganar da Baba ya fi faɗa a duniya.

Gidan talabijin ba ya sayen labari da baki. Sai ka ɗauki kashi ɗaya ka kai musu, shi ake ce wa kashin gwaji. In ya yi musu, su ce a ci gaba. In bai yi ba, wahalarka ta bi ruwa. A shagon Baba muka ɗauki namu, ni da ƙawata mai kyamara da wasu 'yan wasa da ko maƙwabtansu ba su san suna wasa ba. Ranar ɗauka, wanda zai fito a mai shago ya ƙi zuwa, wai haƙori. Muna ta doka masa kira, Baba na gefe yana kallonmu. Can sai ya cire tabarau ya goge da bakin riga ya ce, “To ni gadin me nake yi a nan? Shekara da shekaru ina bayan talabijin, yau dai bari in shiga cikinta in ji abin da ake ji.”

Ku riƙe wannan da kyau: wasan yana farawa ne da shago a kulle. Mutane sun taru a ƙofa da talabijin a ka da a hammata, suna jira, suna rigima, kowa na faɗin halin mai shagon. Sai an kusa tsakiya yake ɓullowa. Da gangan na tsara shi haka, don sai an jira mutum ake sanin darajar zuwansa. Kuma wallahi da Baba ya ɓullo, ƙawata sai da ta manta tana riƙe da kyamara.

Da aka gama haɗawa ya kalla, sai ya kafa mini sharaɗi. Ya ce, “Kada ki nuna wa Eriya a waya, kada ki nuna mata a kwamfuta. Ta jira ta gan ni a akwati, tana zaune a falonta, kamar yadda ake ganin manyan mutane.” Eriya ita ce Mama. Tun ina ƙarama ban taɓa jin ya kira ta da wani suna ba. In an tambaye shi dalili sai ya ce talabijin ba eriya ai yayyafi kawai take nunawa. Mama ta harare shi ta ce ya rasa abin da zai haɗa ta da shi sai ƙarfen da tsuntsaye ke yi wa kashi, amma ko tana tsakiyar wanki ya kira, sai ta amsa.

Na kai aikin gidan talabijin. Kafin amsa ta fito, Baba ya kwanta ciwo, kwanciyar da bai tashi ba ke nan. Tun daga nan Mama ta ƙi kallon wasan. Na roƙe ta, yayata ta roƙe ta a waya, ta ce, “Ya ce in jira, zan jira.” Hotonsa na rataye a saman talabijin ɗin falo, tabaransa na ajiye a ƙarƙashin hoton, kullum da safe sai ta goge su duka biyun.

To a nan Ɗan Kwamiti ya shigo. Gwaggo, ƙanwar Baba da ta tare gidanmu bayan rasuwa, ita ta raɗa masa sunan, don yana cikin kwamitin da ke tantance wasanni a gidan talabijin ɗin. Ranar da na kai aikina na haɗu da shi a wurin karɓar baƙi. Dogo ne, fes-fes, turarensa na riga shi shiga ɗaki, agogon hannunsa ya kusa kai murfin kofi. Ya karɓi lambata wai don a sanar da ni yadda ake ciki. Bai taɓa ganin Baba da rai ba, sai ta'aziyya da ya zo, daga ta'aziyya kuma ƙafa ta saba.

Amsar da na yi ta jira, a saƙon waya ta zo, layi ɗaya tal: sun gode, amma aikin bai dace da tsarinsu ba a halin yanzu. Ina tsaye a kicin na karanta, na zauna a ƙasa daɓas. Ba a jima ba sai ga kiransa.

“Kada ki yi kuka,” in ji shi, murya a sanyaye. “Na kalle shi tun daga farko har ƙarshe, ba sau ɗaya ba. Wallahi sai da na share hawaye. Na yi faɗa a kansa har muryata ta dishe, aka fi ni yawa. Amma ki bar mini, zan sa a sake dubawa.”

Jama'a, ni fa a nan na faɗa. Ba motarsa ba, ba agogonsa ba. Na ce ga mutumin da ya ga Babana ya yi hawaye. Ban taɓa ce masa Baba ne mai shagon ba, don ba na son a ce an karɓi aikina saboda tausayin marainiya. Kuma ina buƙatar faɗa? Duk zuwansa a kujerar da ke fuskantar hoton yake zama, ya ɗaga kai ya ce, “Allah ya jiƙan Baba,” ya yi shiru. Ni kuwa sai in ji ya ƙara girma a idona. Na ɗauka kawaici ne, ya gane, ba ya son fama mini ciwo.

Gwaggo kuwa kamar ita za a aura. In na fito da safe ta tare ni.

“Auta, jiran me kike yi? Mutum ya kawo kansa, ga aiki, ga ladabi, ga shi yana durƙusa mini har ƙasa. Sai wata ta yi miki ƙafa ki zo kina mana kuka?”

“Gwaggo, ina dai nazari.”

“Nazarin me? Jarrabawa ce? Ke da kike neman a sa wasanki a talabijin, ga talabijin ɗin ta biyo ki har gida da ƙafarta, kina ja mata aji!”

Mama ba ta da yawan magana. Ita dai in ya tafi sai ta tambaye ni a hankali, tana kwashe kofuna, “Ya ce wani abu a kan wasan?” In ce yana ƙoƙari. Ta gyaɗa kai ta kalli hoton. Wannan kallon ya fi surutun Gwaggo duka yi mini nauyi.

Jiya da hantsi sai ga saƙonsa: “Gimbiya, yau ina tafe da albishir. Ki ce wa su Mama su zauna, a gabansu zan faɗa.” Ya jera furanni da 'yar zuciya ja. Na mayar masa: “A kan wasan ne?” Ya turo fuskar nan mai kashe ido ɗaya.

Kada ku so ku ga gidanmu. Gwaggo ta sa aka sauya labule, aka fito da kofunan da ke kulle a kabad tun bikin yayata. Mama ta sa doguwar rigarta ruwan toka da ba ta sake sawa ba tun rasuwar Baba, har da ɗan kwalli. Ni ma, don in faɗa muku gaskiya, na daɗe a gaban madubi. Na sa riga mai ruwan zuma da ƙaramin aiki a wuya, na yafa farin mayafi, na cire, na sa mai ruwan madara, na sake komawa farin. A raina na riga na gama: in ya ce za a haska wasan, a ranar zan amsa masa.

Da la'asar ya iso, cikin farar riga mai guga kamar za ta yanki mutum. Ya cire takalminsa mai sheƙi a bakin ƙofa, ya durƙusa ya gaida su Mama, ya zauna a kujerarsa ta kullum. Gwaggo ta zuba masa shayi da hannunta tana ta “ɗana, ɗana.” Ya kurɓa, ya ajiye, ya gyara murya.

“Mama, Gwaggo, na samo hanya. Na yi magana da shugaban kwamiti. Za a iya sake duba wasan Auta.”

Mama ta matso bakin kujera, hannunta a ƙirji. “Alhamdulillahi. Allah ya yi maka albarka.”

“Amin Mama. Gyara ɗaya kawai za a yi, ƙarami.” Ya juyo gare ni yana murmushi. “Tsohon nan za ki cire.”

Na ce, “Wane tsoho?”

“Mai shagon mana. Gimbiya, gaskiya ɗaci gare ta, amma shi ya kashe miki aiki. Ban san inda kika samo shi ba. Irin tsofaffin nan ne da ake kwasowa a bakin titi a ba su magana su kasa riƙewa. Wa zai bar aikinsa ya zauna kallon wannan? A sake ɗaukar wurarensa, ina da wani sananne da zan kawo miki, fuskarsa kaɗai ta isa talla.”

Butar shayin da ke hannun Gwaggo ta tsaya a sama. Mama ba ta motsa ba, hannunta na nan a ƙirji inda ta ɗora shi don godiya. Shi kuwa gogan naku ya ɗauki biskit.

Na danne fushina. Na ce masa a hankali, “Tsohon, yaya kamanninsa yake?”

Ya yi 'yar dariya. “Haba, gwada ni za ki yi? Tsoho dai. Farin gemu, ga 'yar sandarsa, yana tafiya da ƙyar.”

Babana bai taɓa ajiye gemu ba. Har ya koma ga Mahaliccinsa bai riƙe sanda ba, da akwatin talabijin a kafaɗa yake hawa bene.

Na ce, “Ɗaga kanka.”

Ya ɗaga. Ya kalli hoton, ido cikin ido da Baba. Ku san me ya ce? Ya sauya fuska, ya karyar da wuya, ya ce, “Allah ya jiƙan Baba.” Sannan ya dawo da kallonsa gare ni yana jiran in ci gaba da magana.

Ai sai Gwaggo ta dire buta, shayi ya fantsama a kan sabon mayafin tebur.

“La'ilaha illallahu! Kai! Kai yaro! Yayan nawa ne aka kwaso a bakin titi? Uwa ɗaya uba ɗaya muke da shi! Mutumin da ka zauna a kujerarsa, ka sha shayi a kofinsa, kake neman 'yarsa, shi ne bai iya riƙe magana ba? Shi da in ya fara labari masu shago ke rufe shagunansu su zo saurare? Ashe duk durƙuson nan da kake mini, gwiwa ce kawai, babu komai a kai!”

Ya yi tsuru-tsuru, biskit a hannu. Ya kalli hoton, ya kalle ni, ya sake kallon hoton. Na ga lokacin da abin ya faɗo masa, don gumi ne ya tsattsafo a goshinsa duk da fanka.

“Baba ne... a ciki?”

“Ba ka kalla ba,” na ce. “Ko?”

“Gimbiya, ki tsaya ki fahimta.”

“Kada ka sake ce mini gimbiya. Ka kalla ko ba ka kalla ba?”

Sai ga gaskiya tana fitowa a guntu-guntu, ramin ƙarya dai ƙurarre ne. Wai kashin gwaji da ake kawo musu ya fi a ƙirga. Wai babu wanda yake kallo har ƙarshe, haka aikin yake a wurinsu. Farkon kawai ake sakawa, ana shan shayi ana duba waya, in bai kama shugaba ba ya ɗaga hannu a wuce na gaba. Nawa da aka saka, an ga mutane a ƙofar shago suna surutu, shugaba ya ce ina jarumin, wani ya ce bai zo ba tukuna, aka yi dariya aka cire. Zancen tsoho kuwa, a ɗan bayanin da na rubuta a gaban aikin ya ga an ce mai shagon dattijo ne, sauran duk shi ya ƙaro daga kansa.

Na ce, “Faɗan da ka yi har murya ta dishe fa?”

Ya ajiye biskit ɗin.

“Hawayen fa? A kan wa ka zubar?”

Ya sunkuyar da kai yana juya agogo. “Na ga kina cikin damuwa ne. Na so in kwantar miki da hankali.”

Ku ji fa! Kwantar da hankali. Da sun kalli aikina sun ce bai yi ba, wallahi da na haɗiye, ba ni ce farkon wadda aka mayar wa wasa ba, ba kuma ni ce ta ƙarshe ba. Ƙawata mai kyamara tana da irinsu jibge a kwamfuta, kowanne da gumin mutane a ciki, babu wanda ya taɓa ganinsu. Amma a ce mutane sun zauna a ɗaki mai sanyi, sun kasa jiran mai shago ya zo ya buɗe shagonsa, sannan ɗaya daga cikinsu ya ɗauko hawayen ƙarya ya zo neman aure da shi? Ya bar uwata tana goge gilashin hoto kullum tana jiran ranar da ba a ma taɓa sa ta a lissafi ba? Na buɗe baki zan wanke shi tas, sai na ji muryar Mama.

“Auta. Je ki ɗauko wasan.”

Na juya. “Mama, Baba ya ce...”

“Na san abin da ya ce, ni ya faɗa wa kafin ke. Ya ce in gan shi a akwati, ina zaune a falona. Ga akwati, da hannunsa ya gyara ta. Ga falona. Mutanen da ba su jira shi ba, ni ma na daina jiransu.”

Ɗan Kwamiti ya fara miƙewa yana laluben makullin mota. Mama ko kallonsa ba ta yi ba, ta ce, “Zauna, ɗan nan. Ka ce ka kalla har ƙarshe. Yau za ka cika maganarka.” Gwaggo ta ja kujera ta dasa a bakin ƙofa ta zauna, ta harɗe hannu.

Na ɗauko filashin da na adana wasan a kai daga cikin akwatin 'yan kunnena, na soka a bayan talabijin. Wasa ya fara. Ga shagon a kulle, ga mutane na rigima. Gwaggo da ta rantse ba za ta yi dariya ba, sai ga ta tana toshe baki da mayafi. Mama kuwa ko ƙifta ido ba ta yi. Shi yana zaune a takure kamar ɗalibin da aka kama da satar amsa.

Sai ga Baba ya ɓullo daga kwanar layi, da shuɗiyar rigarsa ta aiki mai ƙunar dalma a aljihu, yana kaɗa makullai, yana ba kowa haƙuri yana tsokanarsa a lokaci guda. Fuskar da ke jikin bango, ga ta a ƙasanta tana motsi. Na ji numfashin Mama ya sauya. Ya buɗe shago, ya zauna a gaban wata tsohuwar talabijin, ya shafa aljihun ƙirji, ya shafa na gefe. A rubuce, cewa na yi ya leƙa bayan labule ya ce, “Ke, miƙo mini tabarau.” Ranar ɗauka bai bi rubutuna ba, kuma ya hana ni yankewa. Ya ɗago, ya kalli kyamara kai tsaye, ya ɗaga murya yadda yake yi daga tsakar gida.

“Eriya! Ina kika ajiye mini tabarau?”

“Na'am,” in ji Mama.

Har ta miƙe. Ta yi taku zuwa gaban talabijin, ta ɗauki tabaran daga ƙarƙashin hoton, sannan ta tuna. Ta tsaya a nan riƙe da shi da hannu biyu, Baba na ta dariya a cikin akwati. Gwaggo ta fashe da kuka, ni ma ban san lokacin da nawa ya ɓalle ba.

Sai da rubutun ƙarshe ya gama hawa Gwaggo ta janye kujerarta. Da ƙafa ta tura masa takalminsa waje. Ya fita idonsa jawur. Ko na kunya ne ko na gaske ne wannan karon, oho, ban tambaya ba.

Ko ƙarar motarsa ba ta gama ɓacewa ba wayata ta yi haske. “Na yi kuskure. Baba gwani ne, na gani da idona. Zan sa shugaba ya kalla har ƙarshe, kuma za a haska shi yadda yake, ba a cire kowa ba. Amma ki fara ba ni amsata.”

Kun gani? Ko gumin kunyarsa bai bushe ba, har ya sa Babana a ciniki. Na karanta, ya ga na karanta, ga shi can yana ta rubutu yana gogewa. Ban nuna wa Mama ba, don ban san abin da za ta ce ba in ta ji duk gari na iya ganin mijinta, kuma tsoron amsarta nake ji.

Tana zaune dab da talabijin, tabaran a cinyarta. Ba ta juyo ba ta ce, “Auta, mayar mini wurin da ya kira ni.”

Na kife wayar a kan tebur, na ɗauki rimot.